Akushin da Aka Ware

A zauren kakana a Sakajiki akwai wani akushi da aka hana mu taɓawa. Na wani dattijo ne mai zuwa cin tuwon dare, wanda yatsunsa suka guntule. Kakata ba ta kiran ciwon da sunansa. "Babbar cuta" take cewa, tana rage murya. Wasu sun ce gado ne, wasu kuma wai kifi ya haɗa da nono.

Sai da na girma na ji cewa ya yi shekaru a Amanawa, kusa da Sakkwato. Wajen 1937 ne mishan ta SIM ta karɓi kula da kutare a can, da Babbar Ruga ta Katsina, da Yadakunya ta Kano, bisa yarjejeniya da En'e. Yankinmu na Zamfara yana lardin Sakkwato a lokacin, don haka mai ciwon daga Kauran Namoda, Zurmi ko Shinkafi can ake nufa da shi. Da farko allurar wani man itacen Indiya ake yi, ga zafi ga ƙarancin amfani. Daga baya ƙwayar dafson ta zo, ita ta warkar da shi. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wata shida zuwa shekara, an rabu da ƙwayar cutar. Wanda ya fara sha ma ya daina yaɗa ta.

To, dattijon ya dawo gida da takardar sallama, amma gari bai sallame shi ba. Ba za a ce mun yi rowa ba. Ƙasar Hausa ta daɗe da sarautar Sarkin Kutare, sadakar Juma'a kuwa ba ta yankewa. Sai dai abin da ya kasa a kasuwa ba mai taya shi, hannu ba a miƙa masa, 'yarsa mai cikakkiyar lafiya ta daɗe ba manemi. Ana cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Ni dai ban ga an bar shi ya kai hannu kwanon ba.

A Disamban 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙudurin kawar da wariya ga masu kuturta da iyalansu, ta sa batun cikin haƙƙin ɗan Adam. Kalmar "iyalansu" ce ta tsaya mini a rai, saboda yarinyar nan.

Dattijon bai kai wannan shekara ba. Ranar da aka kai shi makwanci, ƙona akushin aka yi.