Dakta Hans Ziemann da Tushen Unguwar New Bell

Gabatarwa

Duk wanda ya je Duwala neman Hausawa, New Bell za a fara nuna masa. A can masallatai da mahauta da 'yan tireda suka fi yawa, har wani yanki nata ake kira New Bell Hausa. Abin da ba kasafai ake faɗa ba shi ne, unguwar ta samo tushe ne daga wata shawara ta likitoci a kan zazzaɓin cizon sauro. Wannan maƙala za ta dubi ɗaya daga cikinsu, wato Hans Ziemann, da yadda bincikensa ya bar ɗakin gwaji ya hau taswirar gari.

Bincikensa

An haifi Ziemann a Jamus a 1865, ya rasu a 1939. Ya fara aiki a matsayin likitan sojan ruwa, daga baya ya zama babban likitan gwamnatin Jamus a Kamaru. Ya yi zamani da Ronald Ross, wanda ya tabbatar a 1897 cewa ƙwayar zazzaɓin tana girma a cikin sauro, da kuma Robert Koch, wanda ya lura cewa a ƙasashen da cutar ta yi kaka-gida, jinin ƙananan yara ne ya fi ɗauke da ita.

Ziemann ya himmatu ga duba jini. Ya gyara hanyar rina shi domin ƙwayar cuta ta fito sarai a madubin likita, kuma a 1898 ya wallafa littafi a kan zazzaɓin da sauran ƙwayoyin da ke shiga jini. Har yau ɗaliban likitanci suna karanta sunansa, domin da shi ake kiran wasu ɗige-ɗige da ake gani a jajayen ƙwayoyin jinin mai fama da wani nau'in zazzaɓin.

Daga Bincike zuwa Doka

Daga wannan sani aka gina wata hujja: tunda 'yan ƙasa ne ke ɗauke da cutar, sauro kuma ba ya nisan tafiya, to a nesanta gidajen Turawa daga nasu. Ziemann yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan haka. A 1910 hukumar Jamus ta tsara ƙwace filayen bakin kogin Wuri, a mayar da mutanen Duwala can cikin tudu, a bar fili mai faɗin kilomita 1 a tsakani wanda ba a gini a cikinsa.

Mutanen Duwala ba su yarda ba. Sun kafa hujja da yarjejeniyar 1884, wadda ta bar musu filayensu, suka kai ƙara har majalisar dokokin Jamus. Sarkinsu, Rudolf Duala Manga Bell, shi ya jagoranci ƙorafin. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agusta, 1914. Kafin watan Satumba ya ƙare, sojojin Ingila da Faransa sun ƙwace Duwala daga hannun Jamusawa.

Zuwan Baƙi

Waɗanda aka yi New Bell dominsu ba su ɗauke ta gida ba, zuciyarsu tana bakin ruwa. Sai baƙi suka cika ta a zamanin Faransawa: Bamileke da Basa da fatake Hausawa masu goro da shanu da tufafi. Ƙasa ce mai kwari, ruwa yana kwanciya da damina, ga cunkoso. Wato an kai mutane inda sauro ya fi samun wurin haihuwa, da sunan yaƙi da sauro. Su kuma Turawan, kuku da boyi da mai gadi ba su daina shiga gidajensu ba.

Ɗalibin da ya san Kano ko Zariya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 ta tanadi fili mai yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujja iri ɗaya.

Kammalawa

Abin da Ziemann ya gani a jinin yara gaskiya ne. Sai dai wannan gaskiyar tana iya kai mutum ga ba yaran magani da cike kududdufai, tana kuma iya kai shi ga korar iyayensu. Hukuma ta zaɓi ta biyun, domin filin bakin ruwa take so, likitan kuma ya ba ta hujja. Saboda haka, idan aka zo auna tasirin masani, bai isa a ƙirga littattafansa ba. Sai an tambayi wa ya ɗauki iliminsa, kuma a kan wa aka sauke shi. Mazauna New Bell na yau suna zaune ne a kan amsar wannan tambaya.