Ciwon dajin fata: rashin sanin alamominsa na sa a makara zuwa asibiti

Mutane da yawa na zaton ciwon dajin fata cutar Turawa ce. Gaskiya ne baƙar fata na kare jiki daga zafin rana, amma cutar na kama baƙar fata ma, sai dai ta fi ɓuya a wuraren da ba a cika dubawa ba.

Alamomi

Na farko, baƙin tabo a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wanda ke ƙara faɗi ko sauya launi. Irin wannan ne ya kashe mawaƙin Jamaika Bob Marley a 1981, bayan ya fara daga yatsan ƙafa. Na biyu, gyambo ko tsohon tabon ƙuna da ya buɗe ya ƙi warkewa, yana zubar da jini, bakinsa na tudu. Na uku, ƙurji mai ɓawo a fuska, kunne, leɓe ko wuyan zabiya, waɗanda su ne suka fi shiga haɗari saboda rana.

Me ke kawo jinkiri?

Da farko cutar ba ta cika yin zafi ba. Manomin shinkafa ko rake a fadamun Gaya, ko masunci a bakin kogi, zai iya ɗaukar tabon a matsayin sukar ƙaya. Wasu su ce jifa ne, wasu kuma na riƙe da camfin cewa daji ba ya son allura. Sai a yi watanni ana shafe-shafen magani daga kasuwa, har kaluluwa ta fito, alamar cutar ta fara yaɗuwa. A lokacin, aikin da a da zai tsaya a yanke ɗan wuri kan iya kaiwa ga yanke ƙafa.

Ina za a nufa?

Duk miki da ya wuce wata guda bai warke ba, a kai shi CSI mafi kusa ko asibitin gundumar Gaya. Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar gwada ɗan ƙanƙanin nama. Idan akwai buƙata, a tura majinyaci Dosso ko cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa, CNLC, a Yamai, wadda ta fara gashi da na'ura a 2021.

Zabiya kuwa su riƙa sa malafa da riga mai dogon hannu, su guji ranar tsaka, likita ya riƙa duba fatarsu a kai a kai.