Gidan Makama na Birnin Kano

Wanda duk ya je fadar Sarkin Kano zai ga wani tsohon ginin ƙasa mai zankaye daura da ita. Shi ne Gidan Makama. Masu tarihi sun ce nan Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, ya zauna kafin a ƙare ginin fadarsa. Bayansa gidan ya zama mazaunin Makama. Sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin 1903, suka mai da shi ofis na ɗan lokaci.

Cikin 1953 Gwamnati ta kafa dokar tsaron kayan tarihi. Cikin 1959 aka sa gidan nan ƙarƙashinta, watau ba mai ikon rushe shi ko sake kamanninsa sai da izini. Yanzu nan ake ajiye kayan mutanen dā, har da ƙyamaren ƙofofin birni.

Amma fa mu lura, damina ba ta san doka ba. Ginin tubali da azara ba ya daɗewa sai da yaɓe. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, ba da jimawa ba sai kango. Ga badala nan shaida. Ita ma doka ta tsare ta, duk da haka ta zube a wurare da yawa, har an gina gidaje a gurbinta.

To, 'yan makaranta, gobe ku ne ma'aikata. In kuɗin gyara ya biyo ta hannunku, ku tuna da magina tun ruwa bai sauka ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar kakanninmu, amin.