Hauyar tsaye ko ta duƙe: yadda ƙirar maƙeri ke bin ƙasa da hannun manomi a Gaya

A birnin Gaya na jihar Dosso, mai iyaka da Malanville ta ƙasar Benin da Kamba ta Najeriya, rumfunan maƙera kan cika da jama'a da zarar damina ta ƙarato. Sai dai ba kowace hauya ce ke dacewa da kowace gona ba. Wanda ya sayi wadda ba ta dace da ƙasarsa ba, zai iya makara a noman farko, haki ya danne masa hatsi tun yana ƙarami.

Ƙasar Gaya iri-iri ce

Yankin Gaya ya fi kowane yanki na Nijar samun ruwan sama, kimanin milimita 800 a shekara. Akwai jigawa mai rairayi inda ake noman hatsi da wake, akwai fadamun Dallol Mauri da ake noman rake, ga kuma laka ta bakin kogin Kwara inda ake shinkafa. Kowace ƙasa da irin ƙarfen da take karɓa.

Manyan ire-iren hauya

Hauyar tsaye, wadda ake kira hilaire da Faransanci, tana da doguwar ƙota da ta ɗara tsawon mutum. Ruwanta shimfiɗaɗɗe ne mai siffar jinjirin wata. Manomi na tsaye yana tura ta gaba, tana ratsawa ƙarƙashin rairayi tana yanke saiwar haki ba tare da ta nutse ba. Tana cin fili da sauri a jigawa, amma ba ta da tasiri a laka.

Hauyar duƙe, wato fartanya ko kalme, ƙotarta gajera ce. Da ita ake sara, ana juya ƙasa ana binne haki. Ta fi wahalar da baya, amma ita ce ke iya ƙasa mai nauyi da hakin da ruwa ya ƙosar.

Galma kuwa faffaɗan ruwa gare ta, don huɗa da tada kunya, yayin da sungumi ke saran ramin shuka.

Masanin nan Bafaranshe Henri Raulin, a littafinsa na 1967 kan dabarun noma a wannan sashe na Afirka, ya nuna cewa ba yanayin ƙasa kaɗai ke sa jama'a zaɓen hauyar tsaye ko ta duƙe ba, har da al'adar da suka gada.

Abin da maƙeri ke lura da shi

A da, daga tama ake narko ƙarfe. Yau galibi tsofaffin ƙarafan mota ake amfani da su, musamman sifirin. Maƙeri na gasa ƙarfen a wutar gawayi, wanda na kirya ya fi daraja, yaro na buga zuga-zugi, sannan a ɗora shi kan uwar maƙera a daddake da masaba.

Abu uku ne ke raba hauya da hauya: faɗin ruwa, kaurinsa, da yadda ya karkata daga ƙota. In ruwan ya kwanto kusa da ƙota, kankarar saman ƙasa yake yi. In ya buɗe, sai ya nutse. Shi ya sa maƙeri gwani kan tambayi mai saye inda gonarsa take da wanda zai riƙe hauyar, domin abin da ya dace da ƙato ba shi ne zai dace da yaro ko dattijo ba.

Har a wasan golf

Wannan ƙa'ida ta kai har fagen wasanni. A golf akwai sanda mai kan ƙarfe da ake fiddo ƙwallo da ita daga ramin rairayi. Ba'amurke Gene Sarazen ne ya fito da sunanta, lokacin da ya ci babbar gasar Birtaniya a 1932. Sirrinta shi ne faffaɗan gindi da ke sa ta zame cikin rairayi maimakon ta kafe, tamkar hauyar tsaye. Mai sarar ƙasa da ƙarfi na bukatar gindi mai faɗi, mai shafar ta sama-sama a busasshen fili kuma siriri. Har yau akwai maƙera a yankin Himeji na Japan da ke gyara waɗannan sanduna da hannu.

Kafin a saya

Ana ƙwanƙwasa ruwan hauya a saurara: ƙarfe mai kyau yana amo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Ana duba ko bakin ya daidaita, ko ƙota ta kama ba ta girgiɗi. Sannan mai saye ya riƙe ta kamar yana gona, ya gwada a ƙasa. In karkatar ba ta yi masa ba, maƙeri na iya maida ta wuta ya gyara nan take, kuma ya fi sauƙi a yi hakan tun kafin ruwan shuka ya sauka.