Kai Ƙarar Cin Zarafi da Wariya a Jami'o'in Ghana: Hukuncinsa da Hanyoyinsa

Abubuwa uku ne ɗalibi kan kai ƙara a kansu a jami'a. Na farko wariya, wato a tauye wa mutum haƙƙinsa saboda addininsa ko ƙabilarsa ko jinsinsa, kamar a kori ɗaliba daga aji saboda hijabi. Na biyu tsangwama, wato maganganun batsa da saƙonnin waya da taɓa jiki waɗanda ba a so. Na uku shi ne neman lalata da ƙarfin muƙami, inda malami ko ma'aikaci zai rataya maki ko ɗakin kwana ko sa hannu a kan kundin bincike a kan sai an biya masa buƙatarsa. Maza ma yakan same su, amma 'yan mata ne suka fi shan wannan wahala.

A watan Oktoba na 2019 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da wani fim da aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Ghana da ke Legon da kuma Jami'ar Legas. Bayan bincike, Jami'ar Ghana ta dakatar da malamanta biyu ba albashi a farkon 2020, ɗaya wata 6, ɗaya wata 4. Wasu sun ga hukuncin ya yi sauƙi, mu ma haka muka gani. Amma daga lokacin iyaye da yawa a zangunanmu suka san cewa akwai kwamiti a Legon wanda aikinsa karɓar irin wannan ƙara.

Abin da ke hana 'ya'yanmu zuwa gaban kwamitin galibi tsoron zunubi ne da aka ɗora a inda babu shi. Yarinya takan ce tana gudun giba, ko kuma an gaya mata sai ta kawo shaidu huɗu, in ba haka ba ta yi ƙazafi. Duka biyun rashin fahimta ne. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Imam Nawawi, Allah Ya yi masa rahama, a cikin Riyadus Salihin ya lissafa wurare shida da ya halatta a ambaci aibin mutum a bayan idonsa, kuma na farkonsu shi ne wanda aka zalunta ya kai kuka wurin mai iko. Gargaɗin jama'a daga sharrin mutum ma yana cikin shidan, kuma malamin da ya nemi ɗaliba ɗaya bana, da wuya a ce ita ce ta farko.

Shaidu huɗu kuwa, waɗanda aya ta 4 a Suratun Nur ta ambata, sharaɗi ne ga wanda ya jefi wani da zina. Ɗalibar da ta ce malami ya kulle ƙofar ofis ya riƙe hannunta, ko ya aiko mata saƙo kaza da ƙarfe goman dare, ba ta jefe shi da zina ba, ta faɗi abin da aka yi mata ne. Irin wannan laifi a fiƙihu yana babin ta'aziri, kuma ana kafa shi da alamomi, abin da malamai ke kira ƙarina. Babban misalinta yana cikin Suratu Yusuf, inda rigar da aka yage ta baya ta nuna mai gaskiya a ɗakin da babu shaida ko ɗaya. A can namiji ne aka nema, aka kuma yi masa sharri, don haka ƙissar tana kare mai ƙara tana kuma kare wanda ake ƙara.

Rigar Annabi Yusuf ta wannan zamani tana cikin waya. Kada a goge saƙon WhatsApp saboda kunya ko ɓacin rai. A ɗauki hotonsa, a tura wa amintacce, a rubuta rana da lokaci da wuri da ainihin kalmomin da aka faɗa, tun abin yana sabo. A 2018 wani farfesa a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a Najeriya ya sami ɗaurin shekara 2, kuma abin da ya fara tona shi muryarsa ce da ɗalibar ta naɗa. Wajen rubuta ƙara a tsaya kan abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, ban da zagi, ban da labarin an ce.

A cikin jami'a ana iya farawa daga ofishin shugaban harkokin ɗalibai, ko mai kula da ɗakunan kwana, ko cibiyar ba da shawara, sannan a nemi a miƙa batun ga kwamitin a rubuce, a riƙe kwafi. Idan wanda ake ƙara shi ne shugaban sashe, a tsallake shi. A nemi tun ranar farko a sauya mai duba takardar jarrabawa ko mai kula da bincike, domin nan ne ramuwar gayya ke ɓuya.

Game da wariya, sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana nuna bambanci saboda jinsi ko addini ko ƙabila, sashe na 21 kuma ya tabbatar da 'yancin yin addini. Idan jami'a ta yi kunnen uwar shegu, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ, wadda ke da ofisoshi a jihohi da gundumomi, tana karɓar ƙara kyauta ba sai da lauya ba.

Fyaɗe ba batun kwamiti kaɗai ba ne. Laifi ne babba da dokar laifuffuka ta 1960 ta yanke wa ɗaurin shekara 5 zuwa 25. A garzaya wurin 'yan sandan DOVVSU, a karɓi takardar zuwa asibiti, kada a yi wanka ko a wanke tufafi kafin likita ya duba. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72. Wanda kuma yake barazanar watsa hotunan tsiraicin ɗaliba, dokar tsaron intanet ta 2020 ta hau kansa.

Saura mu limamai da iyaye da shugabannin ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Mun sha ganin an kira zaman sulhu a zaure, an ce a rufa asiri don kada yarinya ta rasa miji, mai laifi ya koma aji ranar Litinin. Rufin asirin da hadisi ya kwaɗaitar na wanda zunubinsa ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa ne, bai shafi wanda ke cutar bayin Allah ba. Idan yarinya ta kawo kuka, kada tambayar farko ta zama me ya kai ta ofishinsa, ai karatu ya kai ta. A samo mace babba mai hankali ta raka ta wurin kai ƙara, a boye sunanta daga mumbari da zaurukan WhatsApp, a kuma riƙa bibiyar takardar duk mako har kwamitin ya sa ranar zama.