Kwat ɗin Hunturu da Matsayin Mutum a Ingila, 1900–1920

Idan muka waiwayi suturar maza a Ingila a farkon ƙarni na 20, za mu tarar sanyi ɗaya ne yake kaɗa kowa, amma kariya ta bambanta. Da zarar kaka ta kama, attajiri yakan sanya doguwar kwat ta ulu mai kauri. Lebura kuwa sai 'yar hula da ƙyallen naɗe wuya. Kwat ɗinsa ta ranar Lahadi ma sau da yawa tana hannun mai karɓar jingina tun daga Litinin har Asabar. Yaro kuma gajeren wando da doguwar safa ne rabonsa ko da ƙanƙara na zuba, domin dogon wando alamar girma ce.

Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914–1918) bai kawar da wannan bambanci ba. Yadin gabadin mai hana ruwa shiga, wanda Thomas Burberry ya ƙirƙiro a 1879, da shi aka ɗinka kwat marar nauyi wadda hafsoshi suke saye da kuɗinsu. Ƙaramin soja kuwa ya kwana a ramin yaƙi cikin babbar kwat ta ulu, ruwa da taɓo suna ƙara mata nauyi.