Asalin Kalma: Sufana

Sufana, wadda wasu ke kira sifana, ita ce ƙarfen da ake kwance noti ko a ɗaure shi da ita. An aro kalmar daga "spanner" ta Turancin Ingila. Su ma Ingilishi daga Jamusanci suka samo ta a ƙarni na 17, lokacin tana nufin ɗan ƙarfen da ake ɗana wata irin bindiga da shi.

Da ta shigo bakin Bahaushe sai ya gyara mata zama. Hausa ba ta fara kalma da baƙi biyu a jere, don haka aka cusa wasali bayan "s", sannan "p" ta koma "f", kamar yadda ya faru a fensir da filaya.

A gareji lamba ce sunanta, sai a ji bakanike ya ce wa yaronsa, "Miƙo goma." Lambar faɗin kan noti ce a milimita. Motocin Japan sun fi cin 10, 12, 14, 17 da 19, kuma goma ce ke kwance kan batir. Ga mai gyara a gida, sufana mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki amfani, domin tana rungume noti ta kowane gefe, ba ta cinye masa kai.